Baƙon da Teku Ta Jefo: Yadda Za Mu Karanta Labaran Waɗanda Jirgi Ya Fashe da Su

 Abin da za mu yi magana a kai yau wani irin rubutu ne da ya yi tashe ƙwarai a ƙasashen Turai da Amurka tun daga ƙarni na 16 har zuwa na 19, watau labaran Turawan da jirgin ruwa ya fashe da su a gaɓar wata ƙasa mai nisa, suka faɗa hannun mutanen wurin, suka zauna da su makonni ko shekaru, sa'an nan suka koma gida suka ba da labari.

Wani zai ce, mu da yawancinmu muka tashi a tudu, nesa da teku, ina ruwanmu da jiragen da suka nutse shekaru ɗaruruwa da suka wuce? Dalilinmu shi ne, galibin abin da duniya ta karanta game da al'ummomin da aka yi wa mulkin mallaka daga alƙalamin baƙo ya fito, kuma a cikin rubuce-rubucen baƙi duka da wuya a sami wanda ya kai waɗannan tonon asiri. Baturen da ya zo da soja da bindiga daga bisa doki yake hangen 'yan ƙasa. Shi kuwa wanda teku ta jefo, tsirara ya iso, da yunwa da ƙishirwa, ransa yana hannun mutanen da bai san harshensu ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk wanda ya rayu har ya rubuta irin wannan littafi, ya rayu ne saboda wani ɗan ƙasa ya ba shi ruwa da abinci; amma da ya isa gida sai labarin ya juye, mai ciyarwa ya koma dodo ko kuwa a manta da shi, kuma sau da yawa labarin nan shi ke share wa mai bindiga hanya. Duk da haka shaidar gaskiya tana nan kwance cikin littattafan, ga wanda ya iya karatu. Za mu kawo misalai huɗu: ɗaya daga Amurka, biyu daga gaɓar Sahara, ɗaya daga Ostareliya.

Tsibirin da Aka Yi Kuka

Cikin shekarar 1527 wani jarumin Sifaniya, Panfilo de Narvaez, ya tashi da mutum kimanin 600 da nufin cin ƙasar Florida da yaƙi. Tafiyar ba ta yi kyau ba. A 1528 waɗanda suka kutsa cikin ƙasar suka rabu da jiragensu, yunwa da cuta suka tasam musu, suka sassaƙa kwalekwale biyar suka bi gaɓa suna neman Meksiko. A watan Nuwamba igiyar ruwa ta watso mutum kimanin 80 a wani tsibiri da ke gaɓar ƙasar da yau ake kira Teksas. Cikinsu akwai ma'ajin rundunar, Cabeza de Vaca, wanda aka buga littafinsa a 1542.

Ga abin da shi da kansa ya bayar. Mutanen tsibirin suka riƙa kawo musu kifi da saiwoyi safe da yamma. Da baƙin suka yi ƙoƙarin sake tura kwalekwalensu cikin ruwa, sai ya kife, mutum uku suka halaka, sauran suka fito ba ko tufafi, ga tsananin sanyi. Da masu ƙasa suka ga halin da suke ciki, sai suka zauna tare da su suka yi ta kuka. Daga nan suka hura wuta a wurare da dama a kan hanya, suka tallabe su suna kai su daga wannan wuta zuwa waccan, har bukkokinsu. Su kuwa baƙin, duk tsawon daren nan a tsorace suke, suna zaton yanka su za a yi a ba gumaka. To, a lokacin sanyin nan an ci naman mutum a gaɓar, amma waɗanda suka ci ɗin mutanen Sifaniya ne guda biyar da yunwa ta sa suka cinye juna, kuma marubucin ya ce abin ya girgiza masu ƙasa matuƙa. Kafin sanyi ya wuce baƙi 15 kaɗai suka rage, ciwon ciki kuma ya kashe rabin mutanen tsibirin. Har aka yi shawarar kashe baƙin a kan su ne suka kawo annoba, sai wani ɗan ƙasa ya ce, in da suna da irin wannan iko ai da ba su bar nasu sun mutu ba. Hujjar mutumin nan ce ta cece su.

Ba mu ce zaman daɗi aka yi ba. Daga baya an bautar da su, an sa su tonon saiwa cikin ruwa har yatsunsu suna jini. Cabeza de Vaca ya yi fatauci tsakanin ƙabilu, ya yi aikin magani, har shi da mutum uku suka kama hanyar yamma a ƙasa. A 1536, bayan shekara takwas, suka haɗu da 'yan'uwansu a arewa maso yammacin Meksiko, kuma waɗanda suka tarar mafarautan bayi ne. Nan take suka so su ɗaure jama'ar da ta yi wa mutum huɗun nan rakiya. Masu rakiyar ma ƙin yarda suka yi cewa waɗannan da waɗancan jinsi ɗaya ne, domin na farko sun zo ba takalmi suna warkar da marasa lafiya, na biyu kuwa sun zo bisa dawakai suna kwasar mutane.

Cikin huɗun nan akwai ɗan Afirka, Esteban, baƙar fata daga garin Azemmur na Maroko, bawan ɗaya daga cikinsu. Shi ne yake shiga gaba ya yi magana da mutane, ya tambayi hanya, ya jiyo labari. Da aka isa Meksiko sauran uku suka sami girma, shi kuwa yana nan bawa. Labarin da suka kawo ya ta da kwaɗayin garuruwa masu dukiya a arewa, aka tura Esteban ja-gora a 1539, aka kashe shi a ƙasar Zuni, a 1540 kuma rundunar Coronado ta bi sawu da makamai. Esteban bai bar mana ko layi ɗaya na abin da ya gani ba.

Kyaftin da Ya Zama Bawa

Yanzu mu tsallako zuwa nahiyarmu, mu kuma matso gaba da kusan shekara 300. A ƙarshen watan Agusta na 1815 wani jirgin fatauci na Amurka mai suna Commerce, wanda ya taso daga Jibralta zai je tsibiran Kef Bade ɗaukar gishiri, ya daki duwatsu cikin hazo a Bojador, a gaɓar Sahara ta Yamma. Kyaftin ɗinsa James Riley ne, mutumin Connecticut. Mutanen da suka fara tarar da su a bakin ruwa suka wawashe kaya, suka riƙe Riley garkuwa. Don ya kuɓuta sai ya sa aka sauko da wani dattijo, Antonio Michel, wanda suka ɗauko a Jibralta, shi kuwa ya ruga ya faɗa ruwa ya bar dattijon a hannunsu. Riley ne da kansa ya rubuta wannan. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama; amma ya kamata mu riƙe cewa ran farko da aka sayar a labarin nan, Bature ne ya sayar da shi.

Bayan kwanaki suna yawo a teku cikin kwalekwale mai yoyo, suka sake sauka can kudu, ƙishirwa ta kai su ga miƙa kansu ga wasu makiyayan raƙuma. Aka tuɓe su, aka raba su kamar ganima, aka yi ta kora su cikin hamada, rana tana saɓule musu fata. Riley ya ce nauyinsa ya faɗo daga kimanin kilo 110 zuwa kimanin kilo 40. Wahala ce ta gaske, babu mai musun haka. Sai dai mai karatu da lura zai ga cewa iyayen gijin nasu ma a bakin mutuwa suke, rijiyoyi sun ƙafe, raƙuma ba nono sosai, kuma ɗan nonon da ake tsiyaya wa baƙin da dare daga rabon 'ya'yan gidan ake rage shi. Abin da Riley ya ɗauka azaba ce aka shirya masa, rabinsa zaman yau da kullum ne na mutanen hamada a shekarar fari.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa Balarabe, Sidi Hamet, ya iso zangon tare da ɗan'uwansa. Riley ya roƙe shi ya saye su ya kai su garin Suwaira na Maroko, wanda Turawa ke kira Mogador, ya ce yana da aboki a can da zai biya fansa mai tsoka. Ƙarya yake yi, bai san kowa a garin ba. Ya kuma ce wani yaro cikin ma'aikatansa ɗansa ne, wannan ma ba haka ba ne. Sidi Hamet ya gargaɗe shi cewa in ƙarya ce zai yanka shi, sa'an nan ya zuba jarinsa ya sayi mutum biyar. Ya bi da su tafiyar ɗaruruwan mil, yana raba abinci da su, yana ɓoye su daga 'yan fashi, har ya yi jayayya da surukinsa wanda ya so ya ƙwace su a bakin bashi. Riley ya faɗi cewa ranar da ya ba shi labarin matarsa da 'ya'yansa, mutumin nan ya zubar da hawaye. Aka yi sa'a wasiƙar da Riley ya rubuta ba tare da sanin wanda zai karɓa ba ta faɗa hannun William Willshire, ƙaramin jakadan Ingila, wanda ya biya dala 920 da bindigogi biyu masu baki biyu. A watan Nuwamba na 1815 suka sami 'yanci.

Littafin Riley ya fito a 1817, ya sami kasuwa ƙwarai, ana ma lissafa shi cikin littattafan da Abraham Lincoln ya karanta yana yaro. Dole mu yaba wa Riley a kan abu guda: a ƙarshen littafin ya juya ga ƙasarsa, inda a lokacin ake riƙe da baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya cikin bauta, ya la'anci al'adar. Jiki magayi. Amma ku dubi yadda aka raba godiya. A 1822 Riley ya kafa gari a jihar Ohio ya sa masa suna Willshire, garin yana nan har yau. Wanda ya biya kuɗi daga ofishinsa ya sami gari, wanda ya sa wuyansa da dukiyarsa a hamada bisa alkawarin ƙarya bai sami ko unguwa ba. Akwai kuma kukun jirgin, Richard Deslisle, baƙar fata, wanda ba a taɓa fanso shi ba. Bature a hannun makiyaya kadara ce mai jakada a bayanta. Baƙin mutum kuwa, ko daga Amurka ya fito ko daga ƙasashen Sudan aka koro shi cikin ayari, ba shi da mai rubuta wa wasiƙa. Dubban da aka ƙetare Sahara da su ta wannan hanya ba su bar littafi ba, kuma wannan laifi ne da ba za mu ɗora wa Turawa kaɗai ba.

Su Wa Suka Ci Naman Mutum?

Ba a cika shekara guda ba wani haɗarin ya auku a kudu da wurin. Ran 2 ga Yuli 1816 jirgin yaƙin Faransa mai suna Méduse, ɗauke da mutum kimanin 400, har da sabon gwamna da sojojin da za su karɓi garin Saint-Louis na Senegal daga hannun Ingila, ya kafe a tudun rairayin Arguin, daura da Muritaniya ta yau. Kwalekwalen ceto ba su isa kowa ba. Manya suka shiga kwalekwale, aka ɗaure katakai da gumagumai aka yi wani dandamali aka loda masa mutum kusan 150, da alkawarin za a ja su da igiya zuwa gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Kwana 13 dandamalin yana yawo bisa ruwa, aka yi faɗa, aka kashe juna, aka jefa raunana cikin teku, aka ci naman gawa. Mutum 15 aka tsinta da rai, biyar cikinsu kuma suka mutu ba da jimawa ba. Biyu daga cikin waɗanda suka tsira, Corréard da Savigny, suka buga labarin a 1817.

Waɗansu daga cikin masu kwalekwale kuwa gaɓar hamada suka sauka, cike da tsoron mutanen wurin. Mutanen suka sayar musu da abinci da ruwa, da tsada ƙwarai, suka kuma nuna musu hanya, yawancinsu suka isa Saint-Louis da ƙafafunsu. Watau wanda ya faɗa hannun waɗanda ake kira marasa wayewa ya fi samun tsira bisa wanda aka bari a hannun hafsoshin sarkin Faransa. Duk da haka jirgin nan tafiyar wayar da kan Afirka aka ce ya fito, kuma a farkon 1817 Faransa ta karɓi Saint-Louis, inda daga baya ta yi sansanin cin Afirka ta Yamma.

Matar da Aka Sa wa Tsibiri Sunan Gidanta

Misali na huɗu daga Ostareliya yake, ƙasar da Ingila ta fara mamaya a 1788, kuma shi ne ya fi nuna ɓarnar da labari ke iya yi. A watan Mayu na 1836 jirgin Stirling Castle ya fashe a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a gabashin ƙasar. Bayan makonni cikin kwalekwale, kyaftin James Fraser da matarsa Eliza da wasu ma'aikata suka sauka a wani babban tsibirin rairayi, ƙasar mutanen Butchulla. Masu ƙasa suka rarraba baƙin a tsakanin gidajensu, suka sa su aiki kamar kowa, ɗebo itace da neman abinci da renon yara. Kyaftin ɗin ya mutu a can. A watan Agusta wani fursuna, John Graham, wanda ya taɓa gudu ya zauna shekaru cikin 'yan ƙasa har ya ji harshensu, ya je ya fito da Eliza.

Daga nan labari ya fara kumbura. A Sidni aka tara mata gudummawa, ta kuma auri wani kyaftin a ɓoye. Da ta isa Ingila a 1837 sai ta kai kuka ga Magajin Garin Landan a matsayin gwauruwa marar galihu, aka sake buɗe asusu, kafin asirin auren ya tonu. Duk lokacin da aka maimaita labarin sai azabar ta ƙaru. Wani ɗan littafi da aka buga a New York a shekarar ma zana mutanen tsibirin ya yi da siffar 'yan asalin Amurka, domin mai zanen bai san kamanninsu ba, bai kuma ga dalilin sani ba. A 1838 wani ɗan jarida, John Curtis, ya fitar da babban littafi a kan lamarin.

Su ma Butchulla suna da nasu labarin, wanda suka riƙe a ka, kaka da kakanni. A wurinsu baƙuwar mace ce marar lafiya da ta zo a gigice, aka ba mata amanarta. Shafe-shafen da ta ɗauka wulaƙanci ne, maganin ƙunar rana ne, aikin da aka sa ta kuwa shi ne abin da kowace mace ke yi kafin ta ci. Amma wa ya tambaye su? Sunan da labarin ya ja musu na mugunta ya sauƙaƙa abin da ya biyo baya. A ƙarshen 1851 rundunar 'yan sandan mulkin mallaka ta shiga tsibirin ta yi kisa, masu saran katako suka biyo, cututtuka suka yi ɓarna, a 1904 aka kwashe yawancin waɗanda suka rage zuwa wani sansani mai nisa a arewa. Tsibirin kuma aka riƙa kiransa Fraser. Sai a 2014 kotu ta amince da haƙƙin Butchulla a kan ƙasarsu, a 2023 kuma gwamnatin Queensland ta mayar wa tsibirin sunansa na asali, K'gari. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da aka yi shekara 187 kafin a kai ƙarshensa.

Hannu Nawa Labari Ya Bi?

In muka jera misalan nan za mu ga cewa tsakanin abin da ya faru a gaɓa da abin da ya fito a takarda akwai matsara da yawa. Da farko akwai tsoro da rashin harshe: baƙo makaho ne ko da yana da ido, balle baƙon da yunwa ta gigita. Sa'an nan akwai bukatar mai ba da labari, wanda yake neman muƙami wurin sarki kamar Cabeza de Vaca, ko wanke kansa daga asarar jirgi kamar Riley, ko sadaka kamar Eliza Fraser. Bayan wannan akwai mai maɗaba'a, wanda ya san cewa labarin dodanni ya fi labarin karimci ciniki. A ƙarshe kuma akwai 'yan kasuwa da gwamnati, masu neman sanin hanyoyi da rijiyoyi da dukiya.

Labarin Robert Adams ya isa shaida a kan matsarar ƙarshe. Shi ma matuƙin Amurka ne, jirginsu Charles ya fashe a gaɓar Sahara a 1810, ya yi shekaru cikin bauta kafin a fanso shi a Suwaira. A 1815 aka tsince shi yana gararamba a titin Landan. Bai iya rubutu ba, saboda haka wani jami'in kamfanin 'yan kasuwar Ingila masu ciniki da Afirka ne ya yi masa tambayoyi ya tsara littafin da ya fito a 1816. Abin da ya sa aka damu da shi shi ne ya ce an kai shi Tumbuktu, garin da Turawa ke mafarkin zinariyarsa. Masana da yawa sun yi shakkar ya taɓa zuwa can. Shi ma Riley ya cusa cikin littafinsa bayanin da ya ce Sidi Hamet ya ba shi game da ayarin Tumbuktu. Irin waɗannan labarai sun ƙara wa Turawa ƙaimi wajen neman Tumbuktu da bakin kogin Kwara, kuma cikin wannan nema ne Clapperton ya iso Kano da Sakkwato a 1824.

A nan ne muke da wata sa'a da mutanen tsibirin Teksas da Butchulla ba su samu ba. Lokacin da Clapperton ya iso, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, marubucin Infakul Maisuri, har ma ya koma Ingila da wani yanki na littafin. Watau muna da alƙalumanmu da za mu auna maganar baƙo da su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma sa'ar ba ta da amfani in littattafan suna cikin akwati gara tana ci, mu kuwa muna haddace abin da matafiya suka faɗa don cin jarrabawa.

Kammalawa

Ba muna kira a jefar da waɗannan littattafai ba ne. Sau da yawa su ne kaɗai rubutacciyar shaida game da al'ummomin da aka share daga doron ƙasa, kuma wahalar da marubutan suka sha gaskiya ce. Shawararmu ita ce a karanta su kamar yadda alƙali nagari ke sauraron mai ƙara alhali wanda ake ƙara ba ya nan. Duk inda marubuci ya ce an azabtar da shi, mu tambaya, su masu gidan me suke ci a ranar? Duk inda ya ce ya tsira, mu nemi hannun da ya miƙa masa ƙwarya. Mu tambayi wanda ya riƙe alƙalami, da wanda ya biya kuɗin bugu, da abin da ya sami mutanen wurin shekara 20 bayan fitowar littafin. Mu kuma lura da waɗanda aka ambata sau ɗaya aka wuce, irin su Esteban da kukun Riley da matan Butchulla, domin galibi nauyin labarin a wuyansu yake.

Magana ta ƙarshe gare mu take, mu da ke shirin riƙe alƙalamin hukuma, da 'yan'uwanmu da suka riga suka kama aiki. Gobe za a tura ɗayanmu bautar ƙasa ko rangadi a ƙauyen da bai san harshensa ba. Mota za ta lalace, dare ya yi, mai gari ya ba shi ɗaki, wata tsohuwa ta dama masa fura da ɗan geron da ya rage mata. In ya koma hedkwata shi zai rubuta rahoto, rahoton ya shiga fayil, fayil ɗin kuma shi zai yanke ko za a haƙa wa garin rijiya, ko za a tashe su daga gonakinsu saboda madatsar ruwa. Mutanen garin ba za su ga takardar ba, ba kuwa za a tambaye su ba. In ya rubuta cewa jahilai ne masu taurin kai, haka za a san su shekara da shekaru. Saboda haka kafin ya sa hannu, ya kamata ya koma ya ji ta bakinsu, ya rubuta dalilinsu yadda suka faɗe shi, ya kuma ambaci wanda ya ba shi masauki.